Tiyatar Rage Ƙiba: Idan Inshora Ta Ce Ba Ta Biya

Wata likita ce ta gabatar da wannan lacca ga malamai mata a birnin Katsina. An rubuto ta daga faifan da aka ɗauka, an rage gaishe-gaishe.

Iyayena da yayyena, a garin nan mace ta yi jiki sai a ce hutu ne, maigida na kula da ita. To akwai ƙibar da ba hutu ba ce. Ita ce mai tafe da ciwon suga, hawan jini, ciwon gwiwa, da munsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci.

Muna aunawa ne da nauyi da tsawo. Mai tsawon mita 1.6, ki ninka shi da kansa, 2.56 ke nan. In nauyinta kilo 105 ne, ki raba shi da 2.56, za ki samu 41, ma'aunin ƙibarta ke nan. Tun 1991 ƙa'idar da aka fitar a Amurka ta ce mai 40, ko mai 35 da ke da wata cutar, ta cancanci tiyata. A 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da ita zuwa 35 ko babu wata cutar, har 30 ga mai ciwon suga.

Aikin da aka fi yi shi ne a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Ba ya komawa. Ku riƙe wannan.

Yanzu kuɗi. Dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da marigayi Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshorar lafiya, amma ba ta ce kowane aiki za a biya ba. Kowane tsari da jerin abin da ya ɗauka, kuma sau da yawa ana jefa wannan tiyata cikin kwandon gyaran jiki don kwalliya. In an ce miki a'a, kada ki karɓa da baki. Ki ce a rubuto, da dalili. Sannan likitanki ya rubuta cewa suga yake nema wa magani, ya haɗa da sakamakon gwaje-gwajenki da shaidar kin gwada rage ci da motsa jiki, a sake miƙawa. Ko an sake ƙi, ki tambaya ko za su ɗauki gwaje-gwajen kafin aiki.

In ya tabbata daga aljihunki ne, maganar miliyoyi ake yi. Wasu Legas ko Abuja, wasu Masar, Indiya ko Turkiyya, inda da dala ake lissafi, kuma kun ga yadda naira ta koma tun 2023.

Nan ne nake so mu daɗe. Na ga wata baiwar Allah, ta sayar da gonar gado da sarƙarta ta zinare, ta kwashi adashi, ta je waje aka yi mata aiki lafiya lau. Ta dawo ba ko sisi. Bayan kamar shekara biyu aka kawo ta jini ya yi ƙasa, ƙafafu na mata zugi, gashi na zuba. Ba likitan can ne ya yi kuskure ba, kuɗin da ta tara na rana ɗaya ne. Wanda aka rage wa tumbi zai sha magungunan ƙarin sinadarai har ƙarshen rayuwa: bitamin B12, na ƙarin jini, na ƙarfin ƙashi, da gwajin jini lokaci-lokaci. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, tuwo sai daga baya, shi ma loma kaɗan. Azumin Ramadana na farko kuwa sai kin zauna da likita. Mai son haihuwa ta jira wata 12 zuwa 18.

Saboda haka in an faɗa miki farashi, ki tambaya: in ɗinki ya yi yoyo, wa zai biya aiki na biyu? In na dawo Katsina, wane likita ne zai riƙa duba ni? Ki same shi tun kafin ki sayi tikiti. Ni a ganina, wadda kuɗinta bai wuce na ranar aiki ba, ta dakata, ta ci gaba da maganin suga tana tarawa. Bashi mai ruwa kuwa ba sai na faɗa ba, malamai ne a gabana.

Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu. A miƙa mata abin magana.