Na taho da fawa kayit daga Ingila, mun gwada shi a iskar hunturun Zariya

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Yau ba daga ɗan ɗakina na Ingila nake muku magana ba, ku duba bayana, wancan dutsen da ke leƙowa cikin hazo Kufena ne, na shigo gida hutu. Ƙanena ne ke riƙe da waya, in hoton na rawa ku yi masa uzuri, wai sanyi yake ji. Ni yake ma kukan sanyi fa, ni da na baro ƙanƙara a ƙofar gida.

To ga abin da nayi muku alkawari, gashi cikin jaka. Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ko Samaru ya san kayit ɗin da muke haɗawa da leda da tsinken tsintsiya da zaren kaset, to ku ajiye wannan gefe. Shi fawa kayit babu tsinke ko ɗaya a jikinsa, yadi ne rufi biyu da aka ɗinke shi aljihu-aljihu, bakin gaba a buɗe, iska na shiga sai ya kumbura ya zama kamar fiffiken jirgi. Kuma ba kallo ake yi ba, ja yake. A can mutane na zama kan ƙaramin keke mai taya uku kayit ya ja su a bakin teku, wani ɗan New Zealand ne Peter Lynn ya fito da wannan keken a 1990.

Bari in fara tona ma kaina asiri. Na farkon da na saya mai murabba'in mita 5 ne, na hannu, na ganshi da araha nace ai ni ƙato ne, me zanyi da ƙaramin yara. Rannan a bakin teku ina ɗaga shi ban ma gama bismilla ba naji ƙafata ta bar ƙasa, ya jani a kan ciki kamar buhun masara, rairayi har cikin kunne, ga wata tsohuwa da karenta sun tsaya suna tambaya ko lafiya. Sati biyu kafaɗata bata ɗaguwa. Na sayar da shi na dawo mita 3, shine wannan, kuma wallahi da mita 2 na fara ma da ya fi min. Abin da ban sani ba a lokacin, in gudun iska ya ninka biyu, jan da kayit zai maka ninki huɗu yake zama. Shi yasa wanda ke maka ladabi da safe zai iya kayar da kai da azahar.

Maganar kuɗi kuma, ni shawarata ka nemi na hannu na kamfanin da aka sani, irin su HQ ko Ozone ko Flexifoil ko shi Peter Lynn ɗin, ya fi maka sabo fil marar suna. Waɗancan masu arahar banza yawanci igiyarsu ce matsala, tana miƙewa kamar roba, ka ja dama sai ya gama tunani kafin ya juya. Igiyar kirki Dyneema ake ce mata, siririya ce amma ƙarfi gareta, nawa mita 20 ne tsawonsu. In zaka sayi na hannu ka sa a ɗauko maka hoton ɗinkin, ka duba ƙananan zarurrukan nan da ke jikin yadin ko akwai wanda ya tsinke aka ƙulla.

Akwai mai igiya biyu akwai mai huɗu. Ni mai huɗu nake so don yana da birki. Matso da wayar nan su gani. Kunga mariƙin guda biyu ne, igiyar sama ita ke ɗauke da ƙarfin, ta ƙasa birki ce, ka karkato ƙasan mariƙin wajenka sai ya rage gudu ya sauko da baya. Wannan ɗan madaurin na wuyan hannuna kuma da birkin aka haɗa shi, in abu ya fi ƙarfinka kawai saki mariƙin, kayit zai saki iska ya faɗo kamar tsumma. Ka saki, kar kace zakayi jarumta, ranar da aka jani a rairayi ai ƙin sakin ne ya ja min.

Fili ma sai da muka sha yawo. Kusa da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ba wajen wannan wasan bane, jiragen ɗalibai na tashi da sauka. Wayar wuta kuma ko daga nesa ka hango ta gabanka ka canza waje. Nan gona ce da aka girbe, mun nemi izini, amma kututturen karan dawa kamar wuƙa yake, sai da muka share inda zamu shimfiɗa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, to na bata baya. Na zuba ƙasa a gefen baya na yadin kar ya tashi ban shirya ba. Ku lura, daidai gabanka ƙasa-ƙasa nan ne ƙarfin yake, saman kanka da gefe biyu kuma lafiya lau yake tsayawa. Bismillah... yauwa! Kunji ƙarar nan? Gashi saman kaina, ko da yatsa biyu zan riƙe shi. Yanzu in na ja dama ya ratsa tsakiya, kai kai kai, kunga yadda takalmina ke jan ƙasa.

Sannu Baba, ina wuni, a'a ina kwana. Ba lemar soja bace Baba, abin wasa ne. Jama'a Baba ne mai gonar, yace tunda yana ja haka me zai hana in ɗaura masa garma. Allah ya ƙara girma Baba.

Yara ku koma bayana, bayana nace, igiyar nan in ta miƙe tana yanka fata.

Ƙanena yace saura shi. Yaya kaza yaya kaza tun jiya. Sai dai iskar ta fara zuwa bugu-bugu, ga wata ƴar guguwa can ta taso da ƙura da ledoji, to ba zan ba sabon hannu a haka ba, gobe da sassafe in Allah ya kaimu. Na sauke shi gefe. Kai, duba ƙarangiyar da ta maƙale a igiyar nan. Kashe wayar kazo mu tsince.