Darasi: wace manhaja za ka ɗauka in za ka juye tsohon kaset zuwa kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau ma daga shago nake magana nan Tudun Wada, in kun ji ƙarar jen ku yi haƙuri na maƙwabcina ne. Wata hajiya ce daga Unguwar Rimi ta aiko ɗanta da kaset uku a leda, na bikinta ne na 1994, tace yaran basu taɓa ganin fuskar kakansu yana motsi ba sai a hoto, shine nace bari na haɗa da darasin da kuke ta tambayata, wai wace manhaja ce ta fi.

Toh kafin manhaja ku fara ganin kayan. Wannan kan bidiyo ne, wato na'urar da ke kunna kaset, kuma ku lallaɓa naku don tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shine na ƙarshe, ya daina ƙera su, duk wanda ka gani yanzu na hannu ne. Wannan ɗan abin mai kamar filash shine ake ce wa EasyCap, shi ke haɗa kan bidiyo da kwamfuta, gefe ɗaya USB, ɗaya gefen waya uku, rawaya hoto, fara da ja sauti. Matso da kyamara ƙanena su gani. Yauwa. Sunan ɗaya ne amma cikinsu ba ɗaya ba, kala kala ne, shi yasa direban, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, da ya yiwa abokinka aiki kai ya ƙi maka, ba wai kwamfutarka ce ta lalace ba.

Abu na farko, faifan CD ɗinnan da ake sakowa a kwali, ka ɗau direba a ciki in yana yi, manhajar kuma ka barta. Yawanci tsofaffi ne tun zamanin Windows XP da 7, kuma suna matse hoton tun yana shigowa ba tare da sun tambaye ka ba. Ni kuwa abin da nake dubawa a manhaja shine, zata barni na ɗau kaset ɗin yadda yake? Mu a Najeriya tsarin hoton talabijin na PAL muke amfani da shi, wato girman hoto 720 a 576, firam 25, ma'ana hotuna 25, a daƙiƙa. Amurka NTSC ne, 720 a 480, firam kusan 30. In manhaja bata baka wurin zaɓar wannan ba, ko ta tsaya a kan NTSC, sai kaga hoto baƙi da fari ko yana ta birgima, mutum ya ɗauka kaset ne ya mutu ya jefar, alhali setin ne kawai.

Ga mafi yawanku OBS Studio zan ce, kyauta ce, babu wani kirak da zaka nema, kuma tana kan Windows da Mac da Linux. Ku kalli allo. A ƙasa wajen Sources ka danna alamar ƙari, ka zaɓi Video Capture Device, ka nemo na'urarka. In baka ga komai ba duba setin na Windows ko an hana manhajoji taɓa kyamara, don kallon kyamara yake mata, wannan ya taɓa cinye min yini guda ina zagin waya. Sai ka shiga Configure Video ka maida shi PAL, girman kuma 720 a 576. Kar ka ce zaka sa 1080 wai don ya fito fes, abin da babu a kaset babu shi, nauyi kawai zaka ƙara wa fayil.

Yanzu ku duba hannun amaryar nan da take ɗagawa, kun ga wasu layi layi a gefen hannun kamar haƙoran matsefi? Tsohuwar talabijin rabi rabi take zana hoto, layukan mara sannan na cika, sau 50 a daƙiƙa, allon kwamfuta kuma gaba ɗaya yake nunawa shine suke karo. Ka danna dama a kan hoton, Deinterlacing, ka zaɓi Yadif 2x, sannan a Settings ka maida firam ɗinka 50. Kun gani? Hannun ya koma hannu, rawar ma ta yi laushi kamar yadda aka saba gani a akwatin. Kuma ka bar shi a 4:3 ɗinsa, kar ka ja shi ya cika allo, kowa ya koma gajere mai faɗi, hajiya bazata yafe maka ba.

Sai maganar da ta fi komai a garin nan, wuta. A wajen Output ka sa nau'in fayil ɗin rikodin ɗinka ya zama mkv, ba mp4 ba. Wallahi da kaina na koyi wannan, wani kaset na walimar sauka, irin mai awa uku E-180, na sa mp4 na zauna har awa biyu da rabi, aka ɗauke wuta, kwamfutar tebur ce babu UPS, da aka dawo fayil ɗin na nan da nauyinsa amma ya ƙi buɗuwa, saboda mp4 na gargajiya sai a ƙarshe yake rubuta bayanin da ake buɗe shi da shi. Da na mayar da kaset ɗin a karo na biyu kan bidiyon ya tauna wani wuri, minti kusan biyu suka tafi, daidai inda mahaifin yaron ke addu'a. Shi mkv duk inda aka yanke abin da ya shiga ya shiga, daga baya ka je File, Remux Recordings, ya zama mp4 cikin ɗan lokaci ba tare da hoton ya ragu ba.

Amma fa OBS don masu watsa shiri kai tsaye aka yi ta, da agogonta take tafiya, tsohon kaset kuma yana rawa, wani lokacin sai ta maimaita firam ko ta tsallake bata gaya maka ba. In kaset ɗin guda ɗaya ne a duniya, irin na marigayi, ko hawan sallar Zariya da baba ya ɗauka da kansa, ni VirtualDub2 nake buɗewa. Bata da kyan gani, na yarda, kamar fom ɗin ma'aikata take, amma in ka shiga Capture AVI tana nuna maka a gefe firam nawa suka zube, kana gani da idonka. Ka haɗa ta da Lagarith ko HuffYUV, hanyoyin adana bidiyo ne, su basa zubar da komai na hoton, sai dai awa ɗaya tana iya cin wajen giga 30, don haka ka tanadi had dis. Wasu sun fi son AmarecTV, ta wani ɗan Japan ce, suna yabonta wajen riƙe baki da murya su tafi tare, in VirtualDub2 ta baka ciwon kai gwada ta. Bayan ka gama sai ka sa babban fayil ɗin a HandBrake ya matse maka ƙarami na turawa a WhatsApp, babban kuma ka ɓoye.

Masu ƙaramin kaset na MiniDV ku naku daban ne, dijital ne tun asali, wayar FireWire zaku nema da manhajar WinDV, kwafi ne kawai, giga 13 a awa.

Ɗaukar shirin talabijin kuma, in dikodarka na da rawaya fara da ja a baya, hanya ɗaya ce da ta kaset, OBS ta isa. Ta HDMI wasu dikodojin suna da kariyar HDCP, baƙin allo zaka samu, ba laifin manhaja bane. In kuma irin ta tashoshin kyauta ce mai ɗauka a filash, ba sai ka yi wannan wahalar ba, kwafe fayil ɗin ka buɗe da VLC. Kuma don Allah shirin NTA ko fim ɗin mutane da ka ɗauka ka ajiye na kallon gida, kar ka ɗora a YouTube kace naka ne.

Bari na ɗaga wannan na ukun ku gani, ta tagar kaset ɗin, kun ga fari fari a jikin zaren kamar gari? Fumfuna ce, damina ta same shi a ƙasan akwati. Wannan bazan saka shi a kan bidiyona ba sai an goge shi, in ba haka ba zai toshe hed ya kuma shafa wa na bayansa. Na farkon zan sa yanzu, na gwada minti biyar, na saurara da iyafis na ga ko bakin mai waƙa na tafiya da muryarsa, in ya yi sai na mayar da shi farko na sake shi. Ƙanena duba min inbata ta cika, ka kashe fankar nan tukuna.