Eriya, rijiya da na'ura mai koyo: laccar da aka gabatar wa ɗalibai a Yamai

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na zo da su, in lokaci ya bari.

Na farko, mece ce eriya mai ƙarfi, ko antan kamar yadda muke cewa a nan? Ku fara cire wani abu daga ranku: eriya ba ta ƙara wuta ko kaɗan. Tattarawa take yi. Fitilar ƙwai tana watsa haske ko'ina, tocila kuwa tana tura shi gefe guda, sai ya kai nesa. Wannan tattarawar muke aunawa da desibel, duk ƙarin 3 ninki biyu ke nan. Parabol ɗin da ke kan rufinku, in ka ninka faɗinsa, ƙarfinsa ya ninka sau huɗu. Mai kama da ƙayar kifi kuwa, ta talabijin, Yagi da Uda ne suka fito da ita a Japan a 1926. Ƙasarmu ta kai murabba'in kilomita 1,267,000, ba kowane ƙauye za a kafa wa hasumiyar salula ba, don haka zancen nan namu ne.

Na biyu, ina wahalar take? Ƙa'idojin a hannu suke tun zamanin Maxwell, masanin da ya tsara lissafin lantarki da maganaɗisu, shekarun 1860. Sai dai warware su ga wata eriya takamaimai yana cin lokaci. Manhajoji irin su HFSS da CST suna yanka eriyar ƙanana-ƙanana su lissafa, wani gwajin minti kaɗan, wani awoyi. Ku ɗauki biro. A ce eriyarka tana da ma'auni 10, tsawo, tazara, kauri da sauransu, kowanne kana son gwada shi iri 10. Gwaji miliyar 10 ke nan. Ko minti ɗaya kowanne yake ci, shekara kusan 19,000. Wa zai jira? Ga kuma ɗaukewar wuta a tsakiya. (dariya)

To a nan koyon na'ura ya shigo, kuma a nan nake son mu zauna, don wurin nan yana min daɗi ƙwarai.

Wa aka taɓa haƙa rijiya a garinsu? Hannu sama. Yawwa. Tsohon mahaƙin rijiya ba ya ganin ƙarƙashin ƙasa. Amma ya san rijiyar gabas an samu ruwa a gaba goma, ta bakin kwari a gaba shida, ta kan tudu an sha wuya. In ka nuna masa wani wuri tsakaninsu, zai ce maka ruwa yana wajen gaba takwas. In ka kai shi can nesa inda ba a taɓa haƙawa ba, mai gaskiya zai ce maka: nan kam sai an haƙa. Abu biyu ya ba ka: hasashe, da kuma yadda ya yarda da hasashen. Ku riƙe na biyun, ku riƙe shi da kyau.

Wannan tunanin wani injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu, Danie Krige, ya sa cikin lissafi a 1951, yana neman sanin yawan zinariya daga 'yan ramukan gwaji. Daga baya Bafaranshe Georges Matheron ya gina masa ka'ida, ya raɗa wa hanyar sunan Krige. 'Yan EMIG, makarantar ma'adinai, da ke zaune can gefe, na ga kuna gyaɗa kai, kun san shi a darasinku. To shi ɗin dai, shi ake amfani da shi yau wajen zana eriya. Lissafin masu haƙar zinariya! Duk lokacin da na tuna sai na ji daɗi.

Yadda ake yi: ka bar babbar manhaja ta yi gwaji 'yan ɗaruruwa, warwatse. Rijiyoyinka ke nan. Ka ba ƙaramar na'ura mai koyo ma'aunan da sakamakonsu. Sai ta zama wakiliya, ka tambaye ta siffar da ba a gwada ba, ta amsa kafin ƙiftawar ido. Sannan ta nuna inda za a haƙa rijiya ta gaba: ko inda take tsammanin ƙarfi mai yawa, ko inda ta fi jahilta. A gwada can da babbar manhaja, a dawo mata da amsa, ta ƙara sani. Haka, haka, har a dace. Kun ga ba ta kori Maxwell ba. Rage masa zirga-zirga ta yi. Ina maimaitawa, don na ga masu rubutu: ba ta kori Maxwell ba.

Inda take kuskure kuwa, dillalin raguna da ya shekara talatin a kasuwa zai faɗa maka nauyin rago da ido. Kai shi Kure ka nuna masa raƙumin dawa, ka ji abin da zai ce. Na'urar da ta koyi eriyar megahaz 900, irin zangon da salula ke aiki da shi, kada ka tambaye ta parabol.

Na uku... ko na huɗu muke? To, a gurguje. NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta harba taurarin ɗan'adam na ST5 a 2006 da wata ƙaramar eriya mai kama da lanƙwasasshiyar waya, wadda kwamfuta ta samo ta hanyar haɗa siffofi da zaɓen na kirki, tsara bayan tsara. Akwai kuma masu juya tambayar, ka faɗi abin da kake so, na'ura ta ba ka siffa. Wannan sai wata rana. Ga hannu can.

Tambaya: Malam, ni a kasuwar Katako nake aikin ƙarfe. A ƙauyenmu sai an hau tudu ake samun rezo. Na'urar nan za ta ba ni ma'aunin da zan yanka?

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, na ji daɗin zuwanka. Naka ma bai kai ga na'ura mai koyo ba, akwai manhaja kyauta, 4nec2, da ke lissafa eriyar sanduna cikin daƙiƙoƙi. Rubuta. A megahaz 900, tsawon zango, wato tsawon igiyar rediyo guda, santimita 33 ne. Sandar da waya ke shiga, ƙasa kaɗan da rabin wannan, wajen 15 zuwa 16. Ta baya ta ɗan fi ta tsawo, na gaba su ɗan gaza ta. A nan milimita biyu ma magana ce, kada ka yanka da ido. Wayar da ke saukowa ta zama gajera kuma mai kyau, don doguwa tana shanye abin da eriyar ta tattaro, kuma ka san salula ba ta da wurin sa ta, sai da akwatin rezo mai ramin eriya. Ka ɗaga ta sama, ka juya ta sannu-sannu wajen hasumiya. Amma fara gano zangon da hasumiyarku take aiki da shi. Ɗalibai, wa zai bi shi Katako ran Asabar da kwamfuta? Biyu, uku. To ku tsaya bayan an tashi, a tsayar da lokaci.