Bashin 'Yan Mazan Jiya Da Ke Kanmu

Jama'a, assalamu alaikum. Na gode da wannan gayyata.

Kowace ƙasa ta iya girmama sojan da ya mutu. A busa masa begila, a ajiye furanni, a yi shiru na minti ɗaya, kowa ya kama gabansa. Mamaci ba ya neman fansho. Wanda ya dawo da ransa shi ne jarrabawar, kuma tarihi ya nuna an sha faɗuwa a kanta.

Ku dubi Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944. Sojojin Afirka ta Yamma ne da suka yi wa Faransa yaƙi, suka sha ɗauri a hannun Jamus, suka dawo suna neman albashin da suke bi. Harsashi aka ba su. Hukumar Faransa ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama sun ce abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Haka a Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka ɗauki takardar koke za su kai wa gwamnan mulkin mallaka na Birtaniya kan alkawuran da aka yi musu, 'yan sanda suka harbe uku daga ciki. Takarda fa suka riƙo, ba makami ba.

Wannan zancen kuɗi ke nan. Akwai kuma raunin da ido ba ya gani, shi na fi so mu tsaya a kai. Wanda ya rasa ƙafa kowa na tausaya masa. To wanda ya dawo garau fa, amma barci ya ƙaurace masa, ƙarar rufe ƙofa kaɗai sai ta sa ya zabura, ya daina shiga mutane, ya koma shaye-shaye don ya manta? Sai a ce halinsa ya ɓaci. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta harbe sojojinta da na ƙasashen daularta 306 bisa laifuka irin su tserewa da ragwanci, kuma daga baya aka yarda cewa akwai waɗanda firgicin yaƙi ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan kusan shekara 90. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ma sai a 1980 suka sanya wannan ciwo a kundinsu, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam.

Wani zai ce, to idan yaƙin ba na adalci ba ne fa? Wannan tambaya ce da za a yi wa waɗanda suka tura sojan. Soja umarni ya bi, bashinsa na nan.

Kuma ba shi kaɗai ke bin bashin ba. Matarsa ce ke tashi tsakar dare idan ya farka da ihu, ita ce ke jinya, ita ce ke yawo ofis-ofis da takardun fansho idan ƙarfinsa ya ƙare. 'Ya'yansa sun tashi da uban da ke gida amma hankalinsa na fagen daga. A wajen faretin tunawa ba a kiran sunan ko ɗaya daga cikinsu.