Sharhi: Na'ura ta koyi karanta hoton ƙirji, saura ta koyi ƙirjin Badamagare

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Sharhinmu na yau a kan radiyo ne, amma ba wadda kuke jin muryata a cikinta ba. Radiyon lokotoro nake nufi, hoton nan baƙi-baƙi da ake miƙa wa mutum bayan an tsai da shi gaban ƙarfe an ce ya ja numfashi ya riƙe. Tun watan Nuwamba na 1895 da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya tona ƙashi, aikin ya rabu gida biyu, ɗauka da karantawa. Ɗauka ta mintoci ce. Idon da zai kalli hoton ya ce wannan farin tabo tarin fuka ne, wancan kuwa inuwar haƙarƙari ce kawai, shi ne sai an shekara da shekaru ana rainonsa, kuma da zarar ya ƙware babban birni ke riƙe shi. Mai tari a Tasker ko Balbeji ya san wannan fiye da ni, domin shi ke biyan kuɗin mota zuwa Damagaram, wani lokaci ma a ce masa sai Yamai, tafiyar kilomita wajen 900.

To yanzu ga kwamfuta an ce ta iya karatun. Masana na kiran dabarar koyo mai zurfi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar bisashe ranar Alhamis ya ga irinta da idonsa. Yaron dillali babu mai zaunar da shi ya ba shi darasi a kan rago mai ciwo. Yana bin ubangidansa ne, ya ga rago ya ce lafiyayye, a ce masa a'a, dubi hancinsa. Gobe ya kuskure, a sake gyara masa. Bayan raguna dubbai sun ratsa ta gabansa, daga nesa yake tsinkayar mai ciwo, kuma ko ka tsare shi ka ce ya faɗi abin da ya gani, sai ya ce maka haka nan dai ya ji a jikinsa. Ido ba mudu ba, ya san ƙima.

Haka ake yi wa kwamfuta, sai dai ita ɗigo-ɗigo take ganin hoto, kowane ɗigo da lambarsa gwargwadon haskensa ko duhunsa. Lambobin nan sai su bi ta cikin wasu matakai kamar rariya bisa rariya. Ta farko tana tare layuka da gefuna, ta biyu ta haɗa su su zama lanƙwasa da zobe, na can ƙasa su fara gane haƙarƙari da zuciya da tabon da bai kamata a gan shi ba. Yawan rariyoyin nan ne zurfin da ake faɗi. A ƙarshe ta ba da amsa, a gwada da abin da ƙwararrun likitoci suka rubuta a kan hoton. In ta kuskure, sai lissafi ya koma baya ya ɗan murɗa miliyoyin ƙananan ma'aunai da ke cikinta, a kawo wani hoton. Haka dai, sau dubu ɗaruruwa.

Dabarar tsohuwa ce, domin tun 1989 Bafaranshe Yann LeCun ya koya wa irinta karanta lambobin da mutane suka rubuta da hannu a bayan wasiƙu. Amma a 2012 ta yi tashe, lokacin da Geoffrey Hinton da ɗalibansa biyu na Jami'ar Toronto a Kanada suka shiga wata gasar tantance hotuna, hotuna miliyan 1 da dubu 200, kashi dubu, daga karnuka har jiragen ruwa. Kuskuren na'urarsu ya tsaya kusan kashi 15 cikin 100, na wanda ya zo na biyu ya haura 26. Daga nan likitoci suka ce, in ta raba kare da kyanwa, me zai hana ta raba huhu mai ciwo da lafiyayye? Murna ta kwashi Hinton har a 2016 ya ce a daina horar da likitocin karanta hoto, nan da shekara biyar na'ura ta fi su. Malamin ya ci kyautar Nobel a 2024, Allah ya ƙara basira, amma a wannan magana ya yi gaggawa. Shekara biyar ta wuce, likitocin hoto na nan, asibitocin Turai da Amurka ma nemansu suke.

Abin da ya sa na ɗauko zancen a wannan tasha shi ne tarin fuka. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 10 da dubu 800 suka kamu da shi a 2023, ya kashe wajen miliyan 1 da dubu 250. A watan Maris na 2021 hukumar ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja wajen tace masu tarin fuka daga hoton ƙirji, ga wanda ya kai shekara 15 zuwa sama, a madadin idon mutum. Guda uku aka auna kafin a yanke shawarar: CAD4TB ta ƙasar Holan, qXR ta Indiya, da Lunit ta Koriya ta Kudu. An samu aikinsu ya yi kafaɗa da kafaɗa da na masu karatun hoto. A haɗa wannan da injin hoton zamani da ya ƙanƙance har ana goya shi a jaka, yana aiki da batir, ana caja shi da hasken rana, sai ka ga abin da zai yiwu: ranar kasuwar Mirya ko Dungas a kafa rumfa, mai tari ya tsaya, kafin ya gama ɗaura rawaninsa amsa ta fito. Wasu daga cikin manhajojin ma ba sa jiran rezo. A ganina, wannan abu mu ya fi yi wa rana, ba masu likita a kowace unguwa ba.

Sai dai yaron dillali yana da wata ɗabi'a. In ya lura duk ragunan wani kasko ramammu ne, sai ya daina duban rago ya koma duban igiyar da kaskon ke ɗaure su da ita. Zai yi ta cin daidai, har ranar da wani ya zo da lafiyayyen rago a irin wannan igiya. Na'ura ma haka take, ta fi shi wayon banza ma. A 2018 masu bincike na asibitin Mount Sinai a birnin New York suka horar da ita gane ciwon huhu, ta yi kyau a gida, aka kai ta wani asibiti aikinta ya ragu. Da suka bi diddigi, ashe ta koyi gane asibitin da hoto ya fito, har tana leƙen ɗan ƙarfen shaida da ma'aikata ke ajiyewa a kusurwar hoto. Asibitin da ya fi yawan masu ciwon, sai ta fi ɗora wa hotunansa ciwo. Lokacin korona abin ya fi haka muni. Masana a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun tsefe ayyuka 62 na gane cutar daga hoton ƙirji, a 2021 suka ce babu ko ɗaya da ya isa a kai shi gaban majinyaci. Wasu ma hotunan ƙananan yara suka ba na'ura a matsayin marasa korona, na manya a matsayin masu ita, ta yi zamanta ta koyi raba yaro da babba.

Ku riƙe wannan, mu dawo gida. Huhun mutumin nan namu yana shan ƙurar hunturu wata da watanni. Akwai masu fasa dutse a gefen gari. Akwai samarinmu da suka tafi haƙar zinariya Jado tun da aka gano ta a 2014, suka yi ta shaƙar garin dutse a cikin rami. Ƙurar dutse tana barin tabo a huhu, tabon kuma a hoto yana kama da na tarin fuka. Haka wanda ya taɓa yin tarin ya sha magani ya warke, tabonsa na nan, na'ura kuma takan ɗaga masa maki. Idan hotunan da aka yi mata karatu da su ba su cika da irin waɗannan mutane ba, wa ya ce hukuncinta a kansu zai yi daidai da wanda aka rubuta a takardar kamfani?

Ga kuma abin da ya faru a Tailan, wanda ya kamata duk wani majo na likitar ƙauye ya ji. Kamfanin Google ya horar da na'ura gane lahanin da ciwon suga ke yi wa bayan ido, da hotuna sama da dubu 128, kuma a ɗakin gwaji ta yi gogayya da likitocin ido. Aka kai ta ƙananan asibitoci 11. Rahoton da ya fito a 2020 ya nuna ta ƙi karɓar kashi 21 cikin 100 na hotunan, wai ba su fita sosai ba, saboda ɗakunan ba su da duhun da ake so. Intanet kuma ta yi ta jan ƙafa, layi ya yi tsawo. Wanda na'ura ta ƙi hotonsa sai a ce ya tafi babban asibiti, ainihin tafiyar da aka kawo ta don ta rage masa. Wannan a Tailan ke nan. Sai ku ƙiyasta namu, da zafin watan Afrilu da ke haura maki 40, da kuran da ke zuwa yana tafiya, da ƙurar da ba ta barin ko allon salula.

Akwai wani abu kuma da masu talla ba su cika faɗi ba. Manhajar tarin fuka ba ta cewa wane yana da ciwo. Maki take bayarwa, a wasu daga 0 zuwa 100, mutane ne ke ja layi su ce daga nan zuwa sama a je a gwada kaki. In aka sa layin ƙasa, jama'a da yawa za su tafi gwaji, kayan aikin injin GeneXpert mai gwada kaki su ƙare kafin wata ya mutu. In aka ɗaga shi sama, an yi tsimi, amma wasu masu ciwon za su koma gida da murna su ci gaba da tari cikin 'ya'yansu. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce kowace ƙasa ta auna wannan layi da mutanenta. Wannan hukunci ne na lafiyar al'umma, kuma bai kamata a bar wa wanda ya sayar da akwatin ya yanke mana shi ba.

Don haka duk ranar da wata ƙungiya ko kamfani suka sauke irin wannan kaya a gabanmu, a karɓa da hannu biyu, sannan a zaunar da su. A tambaye su da hotunan su wa aka yi mata karatu. A ware watanni tana karantawa, likitocinmu na karantawa, ana gwada kaki, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu, musamman a kan 'yan Jado da waɗanda suka taɓa shan magani. A ji wa zai gyara in ta lalace, da kuma ko kuɗin lasisi a kan kowane hoto ake biya, kada tallafi ya ƙare akwati ya zama mazaunin gizo-gizo a kusurwar ɗaki. A ji kuma ina hotunan ke tafiya, domin ƙirjin mutum sirrinsa ne, kuma ƙasar nan tana da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, da aka ɗora wa wannan aiki.

Ni inda hankalina ya fi karkata shi ne Jami'ar André Salifou da ke nan garin Damagaram. Ɗaliban likitanci suna nan, masu lissafi suna nan, hotuna kuma kullum ana ɗaukar su. Tara hotunan nan da izinin masu su, a goge sunaye, ƙwararru su rubuta abin da ke cikin kowanne, aiki ne mai cin rai wanda ba ya kawo tafi, amma da shi ake gwada duk wata manhaja da za a kawo. A Jami'ar Makerere ta Yuganda sun ɗaura salula a bakin mikroskop, suka tara hotunan jinin mutanensu, suka koya wa na'ura gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Kayan da suka fara da su ba su fi ƙarfinmu ba.

Kafin nan, baba, inna, in tari ya kai mako biyu, ga zufar dare, ga rama, a je likita mafi kusa a ba da kaki. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata 6 ake sha, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi.

Sai mun haɗu a sharhi na gaba. A huta lafiya.