Yadda Shagunan Hayar Finafinai Suka Ƙare

Masu kallo, a shekarar 2004 kamfanin Blockbuster na Amurka yana da shagunan hayar finafinai sama da 9,000 a ƙasashe daban-daban, amma yau shago ɗaya tak ya rage masa, a garin Bend na jihar Oregon. Kamfanin ya fara ne a birnin Dallas a 1985, kuma wani babban kaso na kuɗin shigarsa yana fitowa ne daga tarar da yake ɗora wa wanda ya makara wajen maido da kaset, tarar da ta kai kusan dala miliyan 800 a shekarar 2000 kaɗai.

Wannan tara ce Netflix ya gano cewa mutane sun gaji da ita. An kafa shi a 1997, yana aika faifan DVD ta gidan waya, sannan ya koma karɓar kuɗin wata-wata ba tare da tara ba. Waɗanda suka kafa shi sun ce a 2000 sun yi wa Blockbuster tayin ya sayi Netflix a kan dala miliyan 50, ya ƙi. A 2007 Netflix ya fara nuna finafinai kai tsaye ta intanet, kuma a 2010 Blockbuster ya bayyana a gaban kotu cewa ya karye.

A ƙasar Hausa kuwa labarin ya bi wata hanya dabam, kuma kuskure ne a ɗauka cewa intanet ce ta fara kashe shagunanmu. Tun daga 1990, lokacin da finafinan Hausa na bidiyo suka soma fitowa a Kano, harkar ta tsaya ne a kan kaset, daga baya kuma faifan CD. Furodusa yakan buga kwalin fim ɗinsa ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai, su kuma su kwafi fim ɗin su saka a kwali, don haka yawan kwalin da aka saya shi ne ribarsa. Daga nan kaya ke tafiya Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, har su isa ɗan shagon unguwa da ke bayar da haya na kwana ɗaya, inda galibi yara ake aika su karɓo wa matan gida.

Abin da ya karya wannan tsari shi ne wayar hannu mai memori. Masu tura finafinai suka buɗe shaguna da kwamfuta ɗaya, suna zuba wa mutum finafinai da yawa a waya da kuɗin da bai kai na faifai guda ba, ga kuma finafinan Indiya masu fassarar Hausa da suka cika kasuwa a daidai wannan lokaci. Wanda aka tura wa yakan tura wa abokinsa kyauta, kuma ko sisi ba ya komawa ga wanda ya zuba jarinsa ya shirya fim ɗin. Kafin Netflix ya iso Nijeriya a farkon 2016, kasuwar faifai ta riga ta fara durƙushewa.

Saboda haka, a Kano kallo ta intanet ya zo ne a matsayin mafita. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa jama'a da shirye-shirye masu dogon zango, sai masu shirya finafinai suka kwashi wannan salo suka kai YouTube, inda kuɗi ke fitowa daga tallace-tallace gwargwadon yawan masu kallo. Wannan ne ya sa labarin da a da ake kammalawa a kashi biyu yanzu yake ɗaukar watanni, domin kowane mako sai an ba mai kallo dalilin dawowa.

Akwai asarar da ba a cika magana a kanta ba, kuma ita ce ta fi damuna. Yawancin finafinan shekarun 1990 a kaset kawai suka fito, kaset kuwa zafi da ƙura suna lalata shi, kuma shagunan da suka tara su sun koma sayar da kayan waya ko sun rufe. Duk fim ɗin da ba a kwafe shi zuwa kwamfuta ba a 'yan shekarun nan, da wuya masu bincike da 'ya'yan 'yan wasan da suka fito a ciki su sake ganinsa.