Wayar Umma a Hannun Yaro: Da Wa Yake Hira?

Assalamu alaikum, Zage-zagi da sauran masu kallonmu a ko'ina kuke.

Yara da yawa da ke hawa intanet a garin nan ba su da wayar kansu. Ta Umma ce, ko ta Yaya, ko tsohuwar wayar Baba da gilashinta ya tsage aka jefa a durowa. "Umma, ara mini in duba aikin makaranta." Sai a miƙa, uwa ta koma madafa tana tuƙa tuwo, yaro ya shige ɗaki. Daga nan har a kira sallar isha'i babu mai sanin inda ya je, alhali ko ƙofar gida bai taka ba.

To, ga abin da ba a cika lura da shi ba. TikTok da YouTube ba sa ganin fuskar mai riƙe da waya. Asusun da ke buɗe suke gani. In na Umma ne, mai shekara 40, to a wurinsu babbar mace ce ke kallo, duk abin da za su nuna wa babba shi za su zubo wa ɗan shekara 9.

Facebook da Instagram da TikTok duk sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe asusu. Wannan adadi ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da izinin iyaye. Wato maganar tattara bayanai ce, ba wai an auna an ga ɗan 13 ya yi hankali ba. Ostareliya ma ta ga abin bai isa ba, a ƙarshen 2024 ta yi dokar da ta ɗaga shi zuwa 16. Kuma ko 13 ɗin, wa ke bincika? Yaro ya rubuta an haife shi a 2000, shi ke nan, ya wuce. Da wannan 'yar ƙaryar ya zubar da kariyar da aka tanadar masa: a TikTok, wanda bai kai 16 ba ba a iya aika masa saƙon sirri, asusunsa kuma a rufe yake tun farko. Da ya ƙara wa kansa shekaru, duk ƙofofin nan sun buɗe.

A gidajen cikin birni, daga Ƙwarbai zuwa Ƙofar Doka, baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama, a aiko yaro ya ce wa ake nema. Waya ba ta da zaure. Baƙo kai tsaye yake faɗawa har ƙuryar ɗaki.

Bari mu dubi yadda baƙon nan yake aiki, don kusan hanya ɗaya suke bi.

Ba da batsa yake farawa ba. Yabo ne. Yarinya ta ɗora hotonta na Sallah, sai ga saƙo: "Masha Allah ƙanwata, lallen nan ya yi kyau." Ko kuma a cikin wasa irin su Free Fire, inda 'yan wasa ke hira da juna, ya zama abokin da kullum yake taimakon yaro ya ci. Bayan kwana biyu sai ya ce a koma WhatsApp, nan ya fi daɗin hira. Sai katin ɗari biyar ya shigo, sai data. Yana tambaya a hankali: wace makaranta, wace unguwa, Baba yana gari kuwa, ƙarfe nawa Umma take barci. Sai kuma kalmar da ya kamata kowane yaro ya san alamar haɗari ce: "Kar ki gaya wa kowa, tsakaninmu ne."

Daga nan hoto. Na farko ba mayafi kawai. Na biyu ya wuce haka. In yarinya ta yi jinkiri sai ya ce ta turo ta hanyar nan da ake gani sau ɗaya ya ɓace. Ai ba ya ɓacewa, wata waya kawai zai ɗauko ya ɗauki hoton allon. Ranar da hoton ya shiga hannunsa murya take canzawa: ko kuɗi, ko ƙarin hotuna, ko ya tura wa 'yan ajinsu da guruf ɗin dangi.

Kada mai 'ya'ya maza ya ce shi ya tsira. Masu neman kuɗi ta wannan hanya samari suka fi farauta, da asusun bogi mai hoton budurwa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da cewa ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara. Dubu sittin da uku, a ƙasar nan tamu. Don haka gargaɗin kashi biyu ne: kada a cuci ɗanka, kada kuma abokai su ja shi ya zama shi ne mai cutar.

Yanzu ku tambayi kanku, me ya ba mutumin nan ƙarfi? Hoton? A'a. Jarinsa shi ne ya san yarinyar nan ta fi tsoron Babanta a kansa. Ya san in ta faɗa, dorina ce, a ƙwace waya, a yi ta goranta mata har ta yi aure. Don haka za ta yi shiru, ta ɗauki kuɗin cefane ta tura masa, ta rame, a ce ko aljanu ne. Kunya tarbiyya ce, ba mu musa ba. Amma kunyar da za ta hana 'yarka gaya maka ana cutar ta, wannan mai cutar take yi wa aiki.

Saboda haka maganar da ta fi kowane saiti amfani ita ce wadda za a faɗa tun kafin komai ya faru, ana zaune lafiya: "Duk abin da ya same ki a waya, ko ke ce da laifi, ki zo ki gaya mini. Ba zan dake ki ba." Kuma ranar da ta zo, a cika alkawari. In Baba ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, a samo mata wanda za ta iya tunkara, Goggo ko Inna ko babbar Yaya.

In abin ya riga ya faru fa? Kada a biya ko sisi, wanda aka ba yau gobe zai dawo. Kada a goge hirar cikin fushi, ita ce shaida: a ɗauki hoton saƙonnin, da lambarsa, da sunan asusunsa, da lambar bankin da ya turo. Sannan a toshe shi, a kai ƙararsa a cikin manhajar, a je wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 23, ta haramta yaudarar yaro don lalata, da mallaka ko yaɗa hoton tsiraicinsa. Ku lura da kalmar yaɗawa. Masu tura irin wannan hoto guruf-guruf suna "innalillahi, ku ga abin da duniya ta zama", su ma sun shiga ciki. Akwai kuma wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, da aka buɗe a 2023 don waɗanda ba su kai 18 ba. Hoton ba ya barin wayarka, wata lamba ta musamman ake ciro masa, sai Facebook da Instagram da TikTok su riƙa gane shi suna cirewa. Sai dai ba ya shiga cikin hirar WhatsApp.

Saituna kuwa, mu bi su da sauri. In yaro yana da wayarsa, Family Link na Google kyauta ne: daga wayarka za ka ƙayyade masa lokaci, kuma ba zai sauke manhaja ba sai ka amince. TikTok yana da Family Pairing mai irin wannan aiki. Ƙanana a ba su YouTube Kids. In wayar aro ce, Android na da hanyar maƙale allo a kan manhaja ɗaya, yaro ba zai fita daga ita ba sai da lambar sirrinki. A WhatsApp, a shiga sashen sirri a hana baƙi jefa lambar cikin guruf, a kuma koya wa yara cewa lambobi shida ɗin nan na buɗe asusun WhatsApp da ke zuwa ta saƙo ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga makaranta yake kira. In ya gagara, duk mai gyaran waya a PZ ko Samaru zai saita a 'yan mintuna, amma a tsaya a kansa, kada a bar masa wayar a buɗe.

Wani zai ce shi ya huta, ba ya saka data. Malam, da sauranka. Da Xender yara ke tura wa juna bidiyo a bayan aji ba tare da ko megabait ɗaya ba, ga masu tura fina-finai a shagon caji da ke cika memori da naira kaɗan. Ga kuma datar dare mai araha, wadda ke aiki daidai lokacin da gida ya yi tsit. Shi ya sa nake ganin dokar da ta fi sauƙin bi ita ce waya ta kwana a ɗakin iyaye, a can za a yi mata caji in an kawo wuta.

Sauran magana ɗaya, kuma tamu ce mu manya. Ranar komawa makaranta ko walimar sauka, mu ne ke ɗora yara a Facebook da kayan makaranta, bajo a ƙirji ana karanta sunan makarantar, ga cikakken sunan yaro, ga ƙofar gida a bayansa. A jihar da ta sha fama da masu garkuwa da mutane, wannan bayani ne da muka miƙa kyauta. In za a ɗora, a yanke bajon, kada a rubuta sunan, a zaɓi waɗanda za su gani. Tsofaffin hotunan da aka riga aka ɗora ma ana iya komawa a cire su.